Ni na kwance wa bijimin igiya

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci.

Ni mace ce daga wani ƙauye kusa da Maijirgi. Kiwon shanu ne sana'ar gidanmu, mu raini maruƙa su yi nama mu kai kasuwa. Da ciwo ya kwantar da Baba, yayana ya karɓi garken, ni kuma na dawo gida jinya. Yaya yana da ƙa'ida guda: bijimi a turke yake zama, ba ya haɗuwa da shanun sai an gama girbi, don haihuwa ta faɗo tsakiyar damana, lokacin da ciyawa ta tashi, uwa ta ƙoshi ta samu nono.

Akwai wata jar saniya da Baba ya raina da hannunsa, muna kiran ta Ja, ba ta taɓa haihuwa ba. Farkon damanar bara ina ba shi kunu ya ce, "Auta, anya zan ga ɗan Ja kuwa?" Na ce, "Za ka gani, Baba, har ka shafa kansa." Ya yi murmushi ya ce, "Sai wata damanar ke nan. Da nisa." Na sami Yaya na roƙe shi ya saki bijimin yanzu. Ya ce, "Ki lissafa, haihuwar tsakiyar bazara za ta faɗo. Baba ne ya koya mani, in ya warke shi zai fara yi mani faɗa." Shi gani yake Baba zai warke. Ni da nake juya shi a shimfiɗa na san abin da nake gani.

Sai na riƙa jira Yaya ya tafi gona, in kwance bijimin in kora shi wurin shanun, kafin la'asar in mayar da shi. Wata rana Yaya ya dawo da wuri ya iske shi cikinsu. Ya ce, "Wa ya kwance shi?" Na ce, "Ban sani ba, ko ɗaurin ne bai kamu ba." Shi ya ɗaure shi da safe. Ya ja bijimin ya mayar da shi turke.

Baba ya rasu cikin ɗari a likitar Tasawa, wato asibiti, bai ga komai ba. To, me na yi ke nan? Wa na yi wa?

Ba Ja kaɗai ta ɗauki ciki ba. Bazara ta zo, harawa ta ƙare, kara ya ƙare, shanun sai haƙarƙari. Maruƙa suka riƙa faɗowa babu nonon da za su sha. Ja ta haihu ta kasa tashi. Muka tallabe ta da itace, malamin dabbobi ya zo ya yi allura, bai yi amfani ba. Yaya da kansa ya sa mata wuƙa yana hawaye. Ɗanta kuwa, na riƙa ɗura masa madara da kwalba, shi ma bai kai faɗuwar ruwa ba.

Tun daga nan Yaya ba ya son shiga garken. Ya rame, ya ce zai sayar da sauran ya tafi Agadas neman aiki. Ranar Juma'a ya same ni ina daka, ya tsuguna, yayana guda, ya ce, "Auta, Baba ya bar mani amana, ɗaurin igiya ma ya gagare ni. Kina da gado cikin shanun nan. Ki yafe mani." Jama'a, kun san me na ce? Na ce na yafe. Sai da ya fita na zube kusa da turmin.

In na faɗa masa, anya zai sake kallona a matsayin ƙanwa? Shi kaɗai ya rage mani. In na yi shiru, zai bar gidan ubanmu da laifin da ba nasa ba, kuma dillali zai zo duba shanun ranar kasuwa.

Don Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?