Fuskarki a Babbar Takarda

Zuwa ga Hajiya Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na san babu ɗan aiken da zai kai miki wannan takarda. Amma hannuna ya saba da biro, kuma tun da kika rasu babu wanda nake ba labari a gidan nan.

Gida lafiya. Lemun tsaminki ya yi 'ya'ya, makwabta na shigowa tsinka, ba na hanawa. 'Yarmu Bilkisu tana bugo waya daga Funtuwa, kullum maganarta in koma wurinta. Ta yaya zan bar Ƙofar Marusa? Gwiwoyina sun ƙara tsami, yanzu a zaune nake sallah.

Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar hotonki ce. Kada ki ɓata rai. Na san ke da mai hoto ba ku taɓa shiri ba, da kin hango shi sai ki ja mayafi ki shige madafa, ki ce wa zai ɓata takardarsa a kan tsohuwa. Bayan an yi sadakar arba'in muka duba gidan kaf, babu hotonki ko ɗaya, har na fasfon hajjinki ruwan da ya shiga ɗaki ya cinye. Sai Bilkisu ta samo wani a waya, na ranar sunan ɗanta. Mata sun cika tsakar gida, ke kina can baya da tire a hannu, kina dariya, ba ki san ana ɗauka ba. Fuskarki ba ta fi ƙwayar wake ba.

Na hau Keke Napep na kai wa Malam Kabiru, mai shagon buga fosta a Ƙofar 'Yandaka, na ce ya ciro ki daga taron ya faɗaɗa mini. Ya buɗe a kwamfuta, yana ja kina girma, kina girma kina watsewa, har kika koma gida-gida kamar an jera tubali. Ya ce hoton ya sha yawo, kuma duk wayar da ta tura shi sai ta matse shi ta zubar da wani abu. Wayar da ta ɗauki na asali kuwa ta daɗe da mutuwa. Ya fara yi mini bayanin abin da suke kira fiksel, na ce ya huta. Kin tuna yadda nake dawowa daga maɗaba'a da tawada har gwiwar hannu, kina cewa kin auri mai gawayi? Mu ma a zamaninmu da ɗigo muke buga hoto. Idan ɗigon ya yi yawa kuma ya matsu, fuska ta fito. Idan ya yi kaɗan, ko ka shimfiɗa shi a takarda mai faɗin tabarma ba ka ƙara komai ba, kunun mutum ɗaya ne ka ƙara wa ruwa.

Kabiru ya ji tausayina. Ya ce yanzu kwamfuta tana cike giɓin da kanta, in ba shi lokaci. Da na koma ya miƙo mini hoto fes, har da firam. Mairo, mace ce kyakkyawa, amma ban san ta ba. Kwamfutar ta toshe miki wushirya. Tabon nan na gefen girarki, na faɗuwarki daga kan jaki kina yarinya, babu shi. Ta sa miki idanun da ba su taɓa harara ta ba. Kabiru na dariya, wai ya yi mini amarya kyauta, ba sadaki ba lefe. Bilkisu kuwa da ta gani sai da ta yi kuka, ta raba wa dangi duka.

Na rataya shi a ɗaki don kada in watsa musu ƙasa a ido. Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Bayan 'yan kwanaki, ina zaune bayan La'asar ina yi miki addu'a, na rufe ido don in gan ki, sai wannan baƙuwar ta zo. Na kore ta, ta dawo. Na nemi bakinki na rasa yadda yake. Wallahi tun ranar da muka kai ki makwancinki ban ji tsoro irin wannan ba. In na rasa ki a bango na rasa ki a kaina, ina kuma zan neme ki?

Ban taɓa gaya miki ba, jaridar da nake buɗewa idan kina tsintar shinkafa ba karanta ta nake yi ba. Ta samanta nake kallonki. Mu ba a koya mana faɗin irin wannan ba.

Na sauke baƙuwar na kife ta a ƙasan akwati. Na koma wurin Kabiru na ce ya buga mini na farkon, mai gida-gidan, babba, kada ya gyara komai. Ya ce mutane za su ce bai iya aiki ba. Na ce ya ce musu tsohon ne ya rikice.

Da na rataya shi, na zauna a kujerata, ba abin da nake gani sai tubali, launin ƙasa da baƙi da ruwan hoda. Idona ya kawo ruwa, na cire tabarau don in share. Sai na ɗaga kai. Mairo, gidajen nan duk sun narke cikin juna. Ga ki nan da tirenki, kin karkata kai yadda kike yi idan za ki faɗi abin da zai ba ni haushi. Har duhun wushiryar yana nan.

Likita ya ce a yi mini aikin yanar ido bayan Sallah, wai don in riƙa gani garau, Bilkisu ta riga ta amsa masa. Ni dai na ce su ba ni lokaci in yi shawara.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ki gane ni idan na iso, don ni ma na watse ƙwarai.

Mijinki, mai gawayi,
Sada, Ƙofar Marusa