Farantin Da Bai Ci Jarrabawa Ba

Fall River, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Duarte,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan za ta same ka a tudu ba a kan ruwa ba, kai da Celeste da yara duk cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka daga sanyin Alaska, ya riƙa dawo da jirginku gaɓa da kifi cike, mutanensa kuma cif yadda suka fita. Mu nan da sauƙi. Ciwon bayan maigidana Gilberto ya yi dama har ya koma aiki, sai dai mita, ka rantse shi kaɗai Allah ya yi wa baya a duniya. An yi wa gwaggonmu Tia Odilia aikin ido, ya kuma yi kyau fiye da yadda muke so, don yanzu ƙurar gidan kowa take hangowa. Na san za ka ce me ya hana ni kira. Na kira ka sau biyu, amma da na ji muryarka sai bakina ya ce komai lafiya. Shi ya sa na ɗauki biro. Maganar Mama da Baba ce. Na tashi ceton hannun Mama, na je na taɓa abin da ya rage wa Baba, yanzu ban san ta inda zan ɓullo ba.

Ka tuna abin da likita ta ce a watan Satumba. Fatar hannun Mama ta tsattsage, ga ciwon sukari, ƙaramin miki sai ya yi wata bai rufe ba. Ta ce kada hannun nan ya sake shiga ruwan sabulu. Na sayo safar roba, amma yatsun sun lanƙwashe ba sa shiga sosai, ranar da ta daure ta sa kuwa kwanon miyar nan na tangaran da ta zo da shi daga can gida São Miguel ya suɓuce ya tarwatse, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A nan ne ka ce a waya a sayi injin wanke-wanke, babba, kada in yi ƙwauro. Ba laifi nake ɗora maka ba, ni ma abin da ke raina ke nan. Kuma ka san halina, in na sa abu a gaba ba na jin kira.

Asabar uku na yi ina zarya a kantin kayan wuta. Mai sayarwar wani mutum ne mai baki kamar rediyo, ya yi ta buɗe mini ƙofofi yana rufewa. Wannan cikinsa ƙarfe ne, wancan roba, wannan yana da shimfiɗa ta uku don cokula, wancan ba ya ƙara ko jariri na barci a gefensa. Ni dai abu biyu ne a gabana. Akwai ƙarami mai faɗin inci goma sha takwas, akwai cikakke mai inci ashirin da huɗu. Ƙaramin zai shiga hagun famfo inda kwandon shara yake, ba sai an taɓa komai ba. Babban kuwa ba shi da wuri sai dama, inda durowoyi ukun nan suke, waɗanda Baba ya haɗa da hannunsa shekarar da aka haife ni. A Asabar ta uku har tukunyar miyar Mama na ɗauka a jaka na kai kantin, mutane suna kallona ina gwada ta. Ba ta shiga ƙaramin ba. Na lissafa mu ranar Lahadi bayan coci, mutum goma sha uku in yaran Tia sun zo, na ce magana ta ƙare. Na zaɓi babba, mai ƙarfe, wanda mutumin ya rantse mini faranti zai fito daga cikinsa a bushe ƙayau ba ɗigo ko ɗaya.

Gilberto ya yi mini magana a mota, in faɗi gaskiya. Ya ce in tuna fa a gaban durowoyin nan tsohon yake tsayuwa. Na ce masa in yana da wata dabara ya je shi ya riƙa wanke kwanukan. Da na gaya wa Mama kuwa, ta dubi durowoyin ta ce duk yadda muka gani. Kai ka san Mama. Matar da take musu da fadan cocinmu a kan tsawon huɗuba, ranar da ta ce duk yadda kuka gani ai ya kamata gabana ya faɗi. Bai faɗi ba, ina can ina jin daɗin kaina.

Yanzu bari in faɗa maka abin da nake ɓoyewa game da Baba, don shekara biyu rabonka da gida. Mantuwar ta yi nisa, Duarte. Ba ya gane ni. Wani lokaci ya ɗauke ni ma'aikaciyar asibiti, wani lokaci ƙanwarsa da ta rasu. Mama kuma madam yake ce mata, cikin ladabi, har yana ɗaga mata hula. Amma abu ɗaya bai bari ba. Da an gama cin abinci zai miƙe, ya ja durowar sama, ya ɗauko tawul ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya a damanta. Ita ta wanke, shi ya goge, kamar yadda muka tashi muka gani. Ka tuna yadda abokansa na kulob suke tsokanarsa wai shi Anibal ya ɗaura zane, shi kuma ya ce su je su tambayi matansu wa aka fi yi wa fara'a a gida. Ka tuna kuma yadda yake ɗaga faranti wajen taga yana ƙanƙance ido, in ya ga tabo ya mayar mata ya ce bai ci jarrabawa ba. Na san yana gugar har yanzu. Na ɗauka dai hannu ne ya saba, kamar yadda yake ɗaure igiyar takalmi.

Ranar Laraba aka zo aka cire durowoyin aka sa injin. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ranar Lahadi muka ci miyar ganye da dankali, muka ci kifi, na hana Mama tashi, na jera komai a ciki har tukunyar, ina ta nuna wa Tia Odilia yadda ta zauna daram. Sai Baba ya miƙe. Ya je wurinsa, ya kai hannu inda durowar take, ya ja. Ƙofar injin ta faɗo ta buge shi a ƙwauri. Ya tsaya yana kallon farantan da ke jere a ciki, ya dubi famfo ba kowa, ya dubi mu. Sannan ya juya wajen Mama ya ce ta yi haƙuri, da alama ya shigo gidan mutane, ko za ta nuna masa hanyar gidansa, matarsa na jiransa. Ni ce na rufe ƙofar na danna maɓallin injin, don kawai in samu abin yi da hannuna.

Mako biyu da suka biyo baya ba na son tuna su. Ya rage cin abinci. Da safe sai ya sa kwat da hula ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana jiran a zo a ɗauke shi. Ba abin da ban gwada ba. Na rataye tawul ɗin a mariƙin injin. Na karanta littafin injin kaf na gano yadda ake kashe busarwar, ni da na zaɓe shi don busarwar. Na fito da faranti a jiƙe na miƙa masa da kaina, ya karɓa, ya yi mini godiya, ya ajiye a kan tebur ya koma kujerarsa. Gilberto ma ya tsaya a famfo ya yi kamar yana wanki, Baba ya tambaye shi ko mai gyaran famfo ne.

Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce na biya da rana in kai maganin Mama, ban sanar ba. Tun daga ƙofa na ga kujerar ba kowa, kwat ɗin yana rataye. Na leƙa kicin. Injin yana buɗe, ya gama aikinsa, Mama tana zaro faranti mai tsabta daga ciki tana tsoma shi a ruwan kumfa, ta ɗauraye ta miƙa. Baba yana tsaye a matse tsakaninta da ƙofar injin, tawul a kafaɗa. A gefenta akwai ɗan kofi da sauran miya. Ina kallo ta tsoma yatsa a ciki ta shafa a bayan wani faranti, ta miƙa masa kamar ba ta yi komai ba. Ya ɗaga shi wajen taga, ya ƙanƙance ido.

“Lurdes,” in ji shi, “wannan bai ci jarrabawa ba.”

“To, sufeto,” in ji ta, ta karɓa tana dariya.

Duarte, rabon da in ji sunan Mama a bakinsa har na manta. Amma bandejin babban yatsanta ya jiƙe sharkaf, ya yi ja. Na ja ta zuwa falo na hau ta da faɗa, murya ƙasa-ƙasa don kada ya ji. Na ce so take a yanke mata yatsa, na ce in an kwantar da ita wa zai zauna da shi, na ce aƙalla ta bar shafa miyar nan ta rage tsoma hannu sau biyu. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce:

“Ke Mena, shekara hamsin da ɗaya kina zaton ban iya wanke faranti ba ne? Tun muna amare nake bar masa ɗaya mai tabo da gangan. Injinki ba ya bar masa ko ɗaya. A nan kaɗai yake sanina, sau ɗaya a yini. Hannun kuma nawa ne.”

Ta koma kicin ta bar ni tsaye da ledar magani. Na shiga mota na yi kuka har wata mata ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko lafiya.

To ga inda muke. Durowoyin suna garejinmu, Gilberto bai bari an zubar ba, kuma bai ce mini ai na faɗa miki ba, wanda ya fi mini ciwo. Ya ce yini ɗaya ya isa ya mayar da su. Amma na juya abin ta kowace fuska, Duarte, ba mafita. In na cire injin, hannunta na cikin ruwa. In na bar shi, hannunta na cikin ruwa. In na tsaya a kanta na hana, Baba ya koma bakin ƙofa da hularsa. Jiya likita ta duba yatsan ta girgiza kai, ta ce in bai rufe ba nan da mako biyu za a kwantar da ita, ta dube ni kamar ni ce ba na kula. Ban iya yi mata bayani ba. Ni da kullum nake da amsar komai a gidan nan, yau ba ni da ko ɗaya. Tsoro nake ji, kuma na gaji. Abin da nake yi yanzu kawai shi ne in je kullum bayan sun gama, in busar mata da hannun, in shafa magani, in sake bandeji. Ba ta hana ni, ni ma na daina hana ta.

Ka gaishe mini da Celeste ƙwarai, ka ce na ga hoton rigar sanyin da ta saƙa. Ka sumbatar mini Tomas da Ines. Gilberto da Tia Odilia suna gaishe ku, Mama ta ce ka riƙa rufe wuyanka a jirgi. Kada ka aiko da komai, ba abin saye ba ne. In lokacin kamun kifin ya ƙare ka zo da kanka, kada ka jira bazara. Ba zai gane ka ba, ka shirya wa wannan tun daga can. Amma in kana son jin muryar Babanmu, ka iso kafin ƙarfe ɗaya na rana, ka tsaya a bakin ƙofar kicin, ka yi shiru har faranti ɗaya ya faɗi jarrabawa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Filomena