Gashin Zabin Gida

Villeurbanne, 9 ga Fabrairu, 2014

Zuwa ga mahaifina, Malam Saley,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kana lafiya, Inna da kowa na gida lafiya. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwa, ya sa albarka a ruwan Madarunfa. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Matata Kadidiatou ta warke, jaririyarmu har ta fara rarrafe.

Baba, wata huɗu ke nan ba ka karɓi wayata ba, kuma abin yana cina. 'Yar'uwata Rékia ta gaya mini abin da ka ce, wai ba ka tura ɗa Faransa ya zama injiniya don ya koma yi wa abinci wasa ba. Gaskiya ne na bar biro, wato aikin ofis, a Paris. Shekara shida ina kallon bango, kullum raina yana bakin ruwa. Yanzu na sami takardar jagoran masu fatsa. Mutane suna zuwa, in kai su kogin Ain kusa da Lyon, in nuna musu inda kifi yake kwanciya, in koya musu jifa. Ba ma sa tana. Gashin tsuntsu muke ɗaura wa ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, kifi ya taso ya cafka.

Na san abin da ya fi ɓata maka rai shi ne sakin kifin da muke yi. Ni ma ranar farko da na kama, na buge kansa na jefa jaka kamar yadda muka saba. Malamin da ke koya mana fatsa ya dafe kai kamar na kashe masa ɗa! Ya ce in kowa ya yi haka, shekara uku kogin zai zama fanko. Sai na tuna da kai. Ina cikin jirginka da farkon damina ka ciro tarwaɗa mai ƙwai daga koma, ragar kamunka, ka mayar da ita ruwa, alhali ranar ba mu kama komai ba. Na yi ta gunaguni, ka ce mini wannan ta baɗi ce. Baba, a wurinka na fara koyon wannan aiki.

A watan Satumba na kai wani tsoho ɗan Paris mai rawar hannu. Kwana biyu bai kama ko ɗaya ba. A na uku na lura da inuwar da ka koya mini dubawa, na tsayar da shi can. Da kifin ya zo hannunsa sai ga hawaye, ya ce shekara ashirin rabonsa da wannan.

Ba zan koma biro ba, wannan na yanke. Amma ba na son in shiga ruwa ranar buɗe kamu a watan Maris ba tare da albarkarka ba. Sabo, ɗan garinmu, zai taso daga Maraɗi zuwa nan ƙarshen wata. In ka yafe mini, ba sai ka ce komai ba, ka ba shi gashin zabin gidanmu ko cikin tafi ɗaya. Ana sayar da zabi a unguwar Guillotière ta Lyon, amma naka nake so in ɗaura a ƙugiyata.

A gaida Inna, da Gwaggo Sahadatou, da Rékia da yaranta. Kadidiatou tana gaishe ku.

Ɗanka mai jiran isowar Sabo,
Nouhou