Gayyar da Kirifto Ya Cinye

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gajiya, ya zaman Agadas? Ya iyali da yara? Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan.

Yaya, ranar Asabar na kira gayya a gonar Baba, don ciyawa ta kusa shaƙe geron. Inna ta dama fura, ta yi dambu. Wallahi ko mutum ɗaya bai zo ba! Samarinmu duk suna rumfar mai cajin waya suna ta danne-dannen da suke kira mainin, wai kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, zai fashe su kwashi dala. Na iske har da abokina, na ce, "Habu, kai ma?" Bai ko ɗago ba: "Bari in gama mainin, Malam Boko." Na karanta yadda abin nan ke tashi da faɗuwa, na faɗa wa ragwayen, suka yi min dariya. Ni kaɗai na yi noman, furar ta yi tsami.

Kada ka turo sefa in ɗauki 'yan ƙwadago. Wanda zan yi hira da shi a gona na rasa. Ka dawo kafin maimai.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Lawan