Tayar da ta Zo da Sauran Zane

Wurno, ta Birnin Kudu.

Zuwa ga ɗana Maikano a Fatakwal,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Kubra da yara. Mu nan sai godiya. An cire gero, dawa ta yi kai. Ƙanwarka Barira tana ɗakinta a Gwaram, takan aiko min da daddawa. Gidan dai yana nan yadda ka bar shi, sai dai tun rasuwar innarka ya yi min faɗi. Nakan zuba tuwo in ci rabi in rufe. Malam Salihu maƙwabcina ne ke rubuta wannan, na kuma ce masa kada ya gyara min magana ko ɗaya.

Hoton motarka ya iso, na zaga da shi gari har ya fara laushi. Malam ya karanta min wasiƙarka, inda ka ce ka cire tayoyinta na asali ka sa masu faɗi don ta yi kwarjini, amma wilin, wato ƙarfen da taya ke hawa, ka bar na da. Ka ce da ita za ka zo Babbar Sallah. To, a nan maganata take.

Ka san tun kafin Turawa su tafi nake yanka tsohuwar taya ina yin takalmi, da shi na ciyar da ku. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma gawar taya a hannuna take ƙarewa, kuma ban manta ko ɗaya ba. A da, taya takan zo min ne ta tsufa, ta yi sanƙo, ta gama aikinta. Tun da kuɗin mai ya shigo samari suka fara sayen motoci, sai ga wasu faffaɗa suna zuwa da zanensu raɗau, amma kwiɓinsu a yage. Bara aka kawo min guda daga wata mota da ta faɗi a kwanar nan ta hanyar Gwaram. Mai motar, Allah ya jiƙansa, sa'anka ne, shi ma Sallah ya zo yi. Tayar za ta yi takalma masu kyau, amma na kasa sa mata wuƙa. Tana nan jingine bayan rumbu, kaji na kwana a ciki.

Da na ga hotonka, sai na hau mota na tafi tashar Birnin Kudu wurin Badaru mai faci. Ya duba ya ce wilinka siriri ne, ya matse bakin tayar, shi ya sa cikinta ya bultso ta gefe. Ya ce irin wannan tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, a kwana sai ta riƙa lanƙwasa, in ta yi zafi ga kaya, tana iya fashewa ko ta sulluɓe. Ya ce siririyar taya a kan faffaɗan wili ma haɗari ce, don miƙe ta ake yi da ƙarfi. Wai akwai lambobi a jikin taya da na wili da ake haɗawa. Ni ban san lamba ba. Abin da na sani shi ne ban taɓa yanka takalmi ban auna ƙafar mai shi ba. Badaru ya yi dariya ya ce tsoho zai koya wa ma'aikacin kamfanin mai harkar mota. Na ce masa ɗana ne, ba ma'aikaci ba.

Saboda haka ga abin da na yanke. Ka kai motar wurin wanda ya san aikin, ko ya sa wili mai faɗin da ya dace da tayoyin, duka huɗu, ko ya mayar da na asali. In ba za ka yi ba, kada ka zo. Malam Salihu ya ɗaga alƙalami ya tambaye ni ko da gaske nake, don ya san tun watan azumi nake share ɗakinka, ragon ma na ɗaure shi. Na ce ya rubuta. Na yi Sallah biyu ni kaɗai, zan iya yin ta uku. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya a ƙofar gida ina jiran ƙarar mota, sai a aiko mutum a ƙafa.

Ka gaida Kubra, ka shafa min kan Hadijatu da ƙaninta da ban gani ba tukuna. Ka auno ƙafarsu da zare ka aiko. Barira da mijinta da Badaru suna gaisuwa.

Ka ce za ka riƙa tara min tsofaffin tayoyinka. Ina so, amma sai sun yi sanƙo, kuma kai da kanka za ka miƙo min su.

Ni ne mahaifinka,
Buba mai takalmi.