Basarke Ba Ya Kifar da Jirgi

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024
Sunana ya fito cikin masu tseren teku na ranar 23. Kilomita ashirin a kan surfski, siririn jirgin nan da faɗinsa bai wuce mazaunin mutum ba. Murna ta sa na zagaya siton da nake aiki a unguwar Al Quoz, a nan ƙasar Larabawa, ina gaisawa har da waɗanda ba ma shiri.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Iskar arewa da ake kira shamal ta taso, teku ya yi fari fat. Na hau wata igiyar ruwa ta ɗauke ni, na daina tuƙi ina ta dariya ni kaɗai. Kogin Kwara bai taɓa yi mini wannan gatan ba, Allah ya yafe mini, ni da aka haifa a bakinsa.

Da muka fito, Diana mai horar da mu ta kawo sharaɗi: duk wanda bai kifar da jirginsa da gangan cikin igiya ya sake hawa sau uku a gabanta ba, za a cire sunansa. Na ce mata mu Sarkawan Yawuri ba ma kifar da jirgi, abin kunya ne har ga jikoki. Wata takwas ina nan, ta taɓa ganin na faɗi? Ta ce, "Shi ya sa nake jin tsoronka, Ɗalhatu."

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Sharfuddeen, abokin ɗakina, Bakano da ko a baho ba ya sakewa, yau shi ke ba ni shawarar ruwa. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Yalla mutumina, ka faɗa kawai, khalas, shi ke nan. Wa zai kai labari Yawuri, kifi?"

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Ban je atisaye ba. Na ce ciwon kafaɗa. Ƙarya ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Na fita da asuba kafin kowa, in gwada ba mai kallo. Minti goma ina zaune ina roƙon hannuna ya yarda. Na ce bismillah na karkata.

Faɗawa ba wuya. Hawan ne! Na kama shi ta baya yadda muke yi wa kwalekwale, ya sulluɓe. Na haye ta nan, na zubo ta can. Na sha gishirin da zai ishi miyar biki. Da a tsakiyar teku ne... Ban son ƙarasa wannan layin.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Da na gaya wa Diana yadda na kasa hawa, ba ta yi mini dariya ba, na so ma ta yi. Ta nuna mini: ta ɓangaren iska, a ɗora ciki a kan jirgin tukuna, sannan mazauni, ƙafafu daga ƙarshe. Sau uku ta nema. Na yi bakwai, sai da ta busa usur ta ce in bar wa wasu tekun.

Sunana yana nan.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Na kira Baba. Niyyata gaisuwa ce kawai, bakina ya riga ni. Na ce na kifar da jirgi, da hannuna, a gaban mutane. 

Ya ce, "Ka koma ciki?"

Na ce na koma.

"Kai kaɗai, cikin ruwa mai zurfi?"

Na ce ni kaɗai.

Ya ce idan na zo gida in nuna wa ƙannena yadda ake yi. Daga nan ya shiga zancen shinkafar bana.