Kwabon Anestis a Cikin Kek ɗin Sabuwar Shekara

Kavala, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga yayana Lambros,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa da ta daɗe ba ta ga fuskar yayanta ba, da fatan takardar nan za ta same ka tsaye da ƙafafunka, gwiwar nan ta daina yi maka tsiya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta muku zafin Melbourne da matarka Zafira take ta kuka da shi. Mu nan sanyi ne da iskar teku, har jiragen ruwa sun yi kwana biyu ba su tashi ba. 'Yata Mirto tana lafiya a Tasalonika, ɗanta ya fara rarrafe, komai ya samu sai baki. Gwaggo Kiriaki ta cika tamanin da takwas, har yanzu ta ƙi sa tabarau, wai ba idonta ne ya mutu ba, masu jarida ne suka rage girman rubutu.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa yake danna waya. Sau uku na ɗauki wayar ina ajiyewa. Na san Zafira tana sa ka buɗe murya kowa ya ji, ni kuwa abin da zan faɗa ko kunnena ba ya son jin sa. Na yi abin kunya, Yaya, kuma sunanka ya shiga ciki ba da saninka ba.

Ka san mijina Anestis da kwabban cacarsa, waɗannan masu launi-launi da ake tarawa a gaban ɗan wasa a maimakon kuɗi. Tun da Anestis ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa abin ya zama masa aiki. Ya tara na gidajen caca da aka rufe tun kafin a haifi Mirto, yana goge su da burushin haƙori, yana kiran sunan kowanne kamar jikokinsa. Duk Alhamis da la'asar kuma sai ya shimfiɗa koren ƙyalle a teburin cin abincina, abokansa su zo su buga kartar foka: Kosmas tsohon mai raba wasiƙu, da Menelaos mai kantin magani, da wasu biyu. Ba kuɗi suke sawa ba, wanda kwabbansa suka fara ƙarewa shi zai kawo kayan zaƙi mako mai zuwa. Shekara tara ina kai musu kofi ina yi musu baƙar magana, suna dariya. Na ɗauka haka za mu tsufa.

Kafin Kirsimeti na je wurin Mirto na yi kwana biyar. Da na dawo sai na tarar da kanta biyu na littattafaina babu littafi ko ɗaya, an jera kwabbai a cikin akwatunan gilashi, har da 'yar fitila mai haska su. Littattafan kuwa suna baranda cikin kwalaye, ruwan sama ya yi kwana biyu yana dukan su. Har da waɗanda na koyar da su shekara talatin, masu rubutuna a gefen kowane shafi, har da ƙamus ɗin Baba. Anestis ya ce wai ya yi niyyar sayo sabuwar kanta kafin in dawo, wai bai san za a yi ruwa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana duba sararin sama saboda jirage! Ban yi ihu ba. Da ma na yi ihu, da yanzu an wuce wurin. A raina na ajiye abin, ka kuwa san ajiyata.

A cikin kwabban nan akwai ɗaya shuɗi mai hoton dabino. Na wani otal ne a Iskandariya inda mahaifin Anestis ya yi aikin kai abinci yana saurayi, kafin su dawo Girka. Shekara goma sha ɗaya Anestis yana neman sa. Ba zan iya cewa ban sani ba, domin ni na rubuta masa wasiƙun Faransanci zuwa ga wani tsoho a Marseille har tsohon ya yarda ya rabu da shi. Ranar jajiberin sabuwar shekara ina kwaɓa kek ɗin nan namu na al'ada da ake ɓoye tsabar kuɗi a ciki, wanda ta fito a yankansa shi ne mai sa'ar shekara, ina goga ɓawon lemo, sai idona ya sauka a kan akwatin gilashin. Na ce a raina, tun da wannan abu ya fi ƙamus ɗin ubana daraja, bari shi ya zama sa'ar gidan nan ta bana. Tsabar kuɗin da muka saba sawa a kek na mayar da ita cikin aljihun tebur, na ɗauko shuɗin kwabon, na naɗe shi a takardar alminiyam, na tura cikin kwaɓin. Nufina ya wuni yana nema, hankalinsa ya tashi kamar yadda nawa ya tashi a baranda, washegari ya gan shi a faranti lafiya lau, in ce masa to yanzu ka ji yadda ake ji.

Ga inda ilimina ya kashe ni. Kullum yana cewa kwabban nan na yumɓu ne. Ni kuwa na karanta tarihin tukwane tun daga na mutanen da, na san yumɓu da wuta ake gasa shi, me tanderun kicin zai yi masa? Har wani daɗi na ji da wannan wayo nawa. Ashe sunan kawai yumɓu, wani haɗi ne da ake matsawa a injin, zafi kaɗan yake so ya saki jiki. Da na tambayi ko Kosmas, wanda bai gama sakandare ba, da ya faɗa mini.

Anestis bai ma lura kwabon ya ɓata ba, domin ranar hidimar baƙi ta ɗauke masa hankali. Washegari bayan abincin rana aka kawo kek, ga Mirto da mijinta, ga Gwaggo, ga Kosmas da Menelaos da matansu. Anestis ya yi alamar gicciye da wuƙa sau uku, ya fara yankawa yadda Baba yake yi: na Almasihu, na Maryamu, na gida, na matalauci, sannan mu bi da bi, har ya zo kan waɗanda suke nesa. Ya ce wannan na surukinsa Lambros ne, Allah ya dawo mana da shi ko da ziyara. A yankanka wuƙar ta tsaya. Kowa ya tafa, Gwaggo tana cewa ai kai tun kana yaro sa'a take bin ka kamar kare. Anestis ya warware takardar yana murmushi. Abin da ya fito ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, shuɗin ya koma ruwan toka, dabinon ya narke ya zama tabo. Shi kaɗai ya gane a take. Can sai Menelaos ma ya gane, ya cire tabaraunsa ya sake mayarwa. Gwaggo tana ta tambaya wai wace ƙasa ce take buga irin wannan kuɗi.

Na jira ya yi faɗa, har na shirya amsoshina, uku ma, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi. Bai ba ni damar ko ɗaya ba. Ya goge shi da tsumma a hankali, ya ajiye kusa da farantina, ya ce abin da ya fito a yankan mutum nasa ne, haka aka gada, in aika wa Lambros kayansa. Sannan ya tambayi wa yake son kofi.

Tun ranar ya kwashe akwatunan gilashin ya tura ƙarƙashin gado. Ya kwaso littattafaina, ya zauna da na'urar busar da gashi ta Mirto yana bin su shafi-shafi, kwana huɗu, ya jera su yadda suke, har ya fi ni sanin inda kowanne yake zama. Alhamis ta zo, ya kira abokansa ya ce ba ya jin daɗi. Yau Alhamis biyar ke nan babu koren ƙyalle a teburina. Yana zaune gaban talabijin da rana tsaka, yana kallon masu dafa abinci, mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba. Ba ya fita, ba ya kiran kowa. Ka tuna yadda Baba ya koma bayan ya rufe shago, cikin shekara guda ya zama tsoho. Abin da nake gani ke nan yana farawa a falona, kuma da hannuna na kunna shi.

Na haɗu da Kosmas a kasuwar kifi. Tun daga nesa ya ɗaga murya wai ga Malama mai gasa dukiya, wai in zan yi kek na bikin Ista in faɗa masa ya ɓoye haƙoransa na roba. Na ce masa da ya riƙe kartarsa yadda ya kasa riƙe bakinsa, da bai shekara tara yana ciyar da mijina kayan zaƙi ba. Ya yi dariya, amma da muka zo rabuwa ya riƙe mini hannun riga, ya ce, matar aboki, su fa ba su da wurin zuwa ranar Alhamis, shi ma ba shi da shi. Na dawo gida da niyyar ba da haƙuri. Na fara da kyau, wallahi na fara da kyau, sai ga shi a jimla ta uku na koma kan baranda da ruwan sama. Ya ce na yi gaskiya, shi ya fara. Ka taɓa jin abin da ya fi wannan cin rai? Na fi so ya zage ni.

To ga abin da nake roƙo. Kwabon ban aiko maka ba, yana cikin jakata, yankan kek ɗinka kuma yana firiza. Tun da ya ce naka ne, kai kaɗai kake da iko da shi. Ka kira shi ka ce ba ka son a aiko maka, kana so a ɗora shi a tebur ranar Alhamis a buga a kansa, wanda ya ci ya ɗauka. Ba zai iya ƙin maganar surukinsa babba ba, in kuma ya ƙi, to na san inda na tsaya. Ka ce tun da ba za ka iya zuwa ba, ka wakilta ƙanwarka ta zauna a kujerarka. Kada ka yi dariya. Na sayi littattafai biyu a kan foka, na ɓoye su a bayan tukwane, na gama ɗaya. Abin haushin shi ne wasan yana da ma'ana, rabinsa lissafi, rabinsa karanta fuskar mutum da burga, kuma shekara tara ina tsaye a kansu da tire ban taɓa tambayar yadda ake yi ba. Ba ci nake so in yi ba. So nake in zauna a gabansa, a gaban abokansa, ya raba mini karta, ya cinye ni sarai, ya ɗauki abinsa da hannunsa, mako mai zuwa ni in kawo kayan zaƙi. Bakina ya kasa, wataƙila wannan ya iya.

Ka gaishe mini da Zafira, ka ce na ga hoton lambunta, tumatirin ya yi kyau, amma kada ka ba ta takardar nan. Ka gaishe da ɗanka Stratos da matarsa da 'yan biyunsu, da Kawu Periklis idan har yanzu yana gane mutane. Gwaggo Kiriaki tana gaishe ka, Mirto ma haka. Ka kira ranar Lahadi da safe a lokacinmu, sa'ad da nake coci. Ba na so in kasance a ɗakin idan zai ce a'a.

Ƙanwarka, mai kaifin baki da ƙarancin hankali,
Evantia